Mutum Biyu a Ƙuryar Fili: Tarihin Masu Gadin Baya a Ƙwallon Amurka

A Ajekoriya, da ma sauran garuruwan Dakoro har zuwa Maradi, in aka ce ƙwallo an gama magana: ta ƙafa ake nufi, mai raga biyu da gola biyu. Sai dai matashin da ke latsa wayarsa yakan ci karo da wata iri daban, doguwa mai tsini gaba da baya, wadda ƙatti sanye da hular kwano ke rungumewa suna sheƙawa a guje, wasu ƙattin na bin su suna kayarwa. Ita ce ƙwallon Amurka, babbar gasarta kuwa NFL, mai ƙungiyoyi 32. A kallon farko turmutsitsi ne kawai, amma akwai lissafi a ciki.

Tsawon filin yadi 100 ne, kowane ɓangare mutum 11. Masu riƙe da ƙwallo suna da dama 4 su ci yadi 10. In sun ci a sabunta musu damar, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Hanyar ci gaba biyu ce: ko a miƙa wa mai gudu ya kutsa da ƙarfin tsiya, ko mai jifa, wanda suke kira kwatabak, ya wurga ta gaba wani ya cafe. Wanda ya kai ta ƙarshen fili ya samo wa ƙungiyarsa maki 6.

A ɓangaren masu tsaro akwai ƙattin sahun gaba, akwai 'yan tsakiya, akwai masu tsaron gefe da ke manne wa masu cafka. Can baya kuma, yadi 10 zuwa 15 daga inda ake dambarwar, mutum biyu ne tsaye. Su ake kira sefti. Sau da yawa kyamarar talabijin ma ba ta ɗauko su a farkon wasa, sai ƙwallo ta tashi sama ne za a ga ɗayansu ya faɗo cikin hoto kamar daga sama. Bayansu babu kowa, domin wasan ba shi da gola. Wanda ya wuce su ya wuce ke nan.

Da farko ba a san da su ba, saboda babu jifa. Wasan da jami'o'in Rutgers da Princeton suka buga a 1869 ya fi kama da ƙwallon ƙafa, sai a 1880 ne Walter Camp na jami'ar Yale ya kawo tsarin sahu biyu masu fuskantar juna da mutum 11 kowane gefe. Daga nan wasan ya zama na cunkuso da tattaka juna. A 1905 kaɗai kimanin 'yan wasa 18 suka mutu, har Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton fadarsa ya ce a gyara. Cikin gyare-gyaren 1906 aka halatta jifa gaba, don a warwatsa mutane a fili su daina taruwa wuri ɗaya suna karya juna.

Ko bayan kafa gasar ƙwararru a garin Canton na jihar Ohio a 1920, mutum ɗaya ake ajiyewa a ƙurya, babban aikinsa kuma ya tare ƙwallon da aka dako da ƙafa. Mutum 6 ko 7 suna sahun gaba, tunda ta nan haɗarin yake. Abubuwa suka fara sauyawa a 1933 da aka yarda a yi jifa daga ko'ina a bayan sahu, aka kuma rage wa ƙwallon ƙiba a 1934 ta daɗa daɗin riƙo. A wasan ƙarshe na 1940 Chicago Bears suka lallasa Washington da ci 73 da nema, da sabon salon kai hari mai sauri da yaudara. Kowa ya gane mutum ɗaya ba zai iya gadin faɗin fili ba. Lokacin kuwa ɗan wasa ɗaya ke buga hari ya buga tsaro. Sammy Baugh na Washington, a 1943, shi ne kan gaba a jifa, shi ne kan gaba a dukan ƙwallo da ƙafa, shi ne kuma ya fi kowa sace ƙwallon abokan karawa a iska, har sau 11. Sai a 1950 aka tabbatar da dokar canjin 'yan wasa ba iyaka, mutum ya samu damar ƙwarewa a aiki ɗaya.

A wannan shekarar ce aka haifi abin da ake gani yau. Cleveland Browns, ƙarƙashin koci Paul Brown da mai jifa Otto Graham, sun shigo NFL daga wata gasa da suka lashe sau 4 a jere. An yi ta raina su ana cewa ƙaramar gasa suka fito. Wasansu na farko suka je Philadelphia suka casa masu riƙe da kofi 35 da 10, kusan duk da jifa. Kocin New York Giants, Steve Owen, ya duba ya ga in aka tunkare su da tsohon salo kunya za a sha. Sai ya ja mutum 4 baya ya tsara su a gantsare, biyu a gefe kusa, biyu a ƙurya, siffar da ta sa aka laƙaba wa tsarin suna laima. Mutum biyu na ƙarshen sahun gaba kuma, maimakon su auka wa Graham, wani lokaci sai su ja da baya su toshe hanyar gajeren jifa. Ran 1 ga Oktoba 1950 Giants suka ci Cleveland 6 da nema, karon farko da aka hana ƙungiyar Paul Brown maki ko ɗaya. Suka sake cin su 17 da 13 bayan mako 3. Cleveland ta rama a Disamba da 8 da 3, amma ko a nan ba ta kai ƙwallo ƙarshen fili ba.

Biyun da ke ƙuryar laimar su ne Otto Schnellbacher da Emlen Tunnell. Tunnell ba wanda ya neme shi. Shi ya tare mota a hanya ya je ofishin Giants a 1948 ya roƙi a gwada shi, ya zama baƙar fata na farko da ya buga wa ƙungiyar. Ya yi ritaya da satar ƙwallo 79, kuma a 1952 yadin da ya ci ta hanyar dawo da ƙwallon da ya ƙwace ko aka dako ya fi na gwarzon masu gudu na gasar. A 1967 ya zama baƙar fata na farko da aka shigar Zauren Gwarazan wasan da ke Canton. Ɗaya daga cikin na gefen laimar kuwa Tom Landry ne, wanda daga baya ya gyara tsarin ya zama 4 a gaba, 3 a tsakiya, 4 a baya, kafin ya tafi Dallas ya yi shekara 29 yana koci.

Zuwa nan sefti biyun aiki iri ɗaya suke yi, wannan dama wancan hagu. Abin da ya raba musu aiki wani sabon nau'in ɗan wasa ne: ƙato mai tsayawa a gefen sahu, wanda zai iya tare mutum kamar 'yan gaba, ya kuma fita ya cafe ƙwallo. Mike Ditka na Chicago ya cafe 56 a kakarsa ta farko a 1961. Dole aka nemi sefti mai jiki da zai matso ya tsaya ta gefen da ƙaton yake, ya bi shi in ya fita, ya kuma taimaka wajen kayar da mai gudu. Ɗayan aka bar shi can baya ba a ɗaura masa kowa ba, idonsa kan mai jifa, ƙafarsa a shirye. Wanda ya taɓa ganin garke yana bin burtali daga Dakoro zuwa arewa da faɗuwar damina ya san irin wannan rabo: wani na gaba dabbobi na bin sa, wani na baya yana lura da wadda za ta ɓalle ta faɗa gonar mutane, kuma na gaba ba ya waiwaye don ya san wa ya bari a baya.

Shekarun 1970 suka nuna abin da haɗin zai iya yi. Miami Dolphins ta 1972, wadda har yau ita kaɗai a NFL ta gama kaka da cin duk wasanninta har kofi, 17 babu faɗuwa, tana da Jake Scott a ƙurya da Dick Anderson a kusa. A Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofi, na Janairun 1973 da suka ci Washington 14 da 7, Scott ya sace ƙwallo 2 aka ba shi kyautar gwarzon wasa. Kaka mai bi Anderson ya sace 4 a dare ɗaya a hannun Pittsburgh, ya kai 2 har gida, wato ƙarshen fili. Da suka bar ƙungiyar, Scott na da 35, Anderson na da 34. A Dallas kuma labarin Charlie Waters ya fi koyar da darasi. Shekara 3 Landry yana sa shi tsaron gefe, masu cafka masu gudu suna wuce shi, 'yan kallo suna yi masa ihu. A 1975 aka mai da shi sefti na kusa, gefen Cliff Harris mai karo kamar rago, sai ga wanda ake zagi ya zama gwani. Gudu ne ba shi da shi, amma yana karanta wasa kafin a fara, kuma ya samu abokin da ke rufe masa inda ya gaza.

A 1978 masu gasar suka ga maki ya yi ƙaranci, 'yan kallo na gundura, sai suka hana taɓa mai cafka in ya wuce yadi 5. Nauyin ya koma kan na ƙurya, kuma makamin da ya rage musu shi ne tsoratarwa: ka cafe, amma ka ji a jikinka. Ran 12 ga Agusta na shekarar, a wasan share fage da ba shi da wani amfani, Jack Tatum na Oakland ya yi karo da Darryl Stingley na New England. Stingley, ɗan shekara 26, bai sake tafiya da ƙafarsa ba har ya rasu a 2007. Alƙalin wasa bai busa komai ba, don dokar lokacin ba ta hana ba. An ɗauki shekaru fiye da 30 kafin gasar ta tsananta hukunci kan dukan kan wanda hankalinsa ke kan ƙwallo.

A wannan zamani na karo ne ɗan Najeriya ya shigo labarin. Christian Okoye, haifaffen Enugu, jifan faifai ya kai shi jami'ar Azusa Pacific a Amurka, bai taɓa wannan ƙwallo ba sai da ya kai shekara 23. Kansas City ta ɗauke shi a 1987, a 1989 kuma ya fi kowa gudu da ƙwallo a gasar, yadi 1,480. Nauyinsa ya haura kilo 110, ga gudu, mutum ɗaya ba ya kayar da shi. Denver kuwa tana da sefti biyu da suka yi shekara 6 tare, Dennis Smith babba da Steve Atwater ƙarami. Daren Litinin 17 ga Satumba 1990, Okoye ya samu ƙofa a tsakiyar sahu ya sunkuyar da kafaɗa ya shigo kamar yadda ya saba. Atwater, wanda bai kai shi nauyi ba da kilo fiye da 10, ya taso daga baya a guje suka haɗu ƙirji da kafaɗa. Okoye ne ya koma da baya ya zube. An maƙala wa Atwater makirufo a daren, shi ya sa har yau ake maimaita hoton da ƙarar. Masu son zuzuta labari sukan ce daga ranar Okoye bai sake komawa daidai ba, amma alƙaluma sun ƙaryata su: a 1991 ya ci yadi 1,031. Ciwon gwiwa ne ya raba shi da wasan bayan kakar 1992. Abin lura a hoton shi ne inda Atwater ya baro. Sefti ba ya barin ƙurya ya taho da irin wannan gudu sai ya tabbata akwai mai riƙe masa wurin.

Babu inda wannan ya fito fili kamar Pittsburgh. Troy Polamalu, ɗan asalin tsibirin Samoa mai gashi har gadon baya, ba ya tsayawa inda aka zana masa. Yanzu yana dama, kafin a ɗaga ƙwallo ya koma hagu, wani lokaci ya shige cikin sahun gaba kamar zai kai hari sannan ya juya ya sheƙa baya. A Satumban 2010, a Tennessee, ya ƙiyasta daidai lokacin da za a miƙa ƙwallo, ya yi tsalle ta kan ƙattin sahu ya faɗa wa mai jifa tun bai ɗaga ƙafa ba. A kakar aka zaɓe shi gwarzon mai tsaro na gasar. Kocin tsaro Dick LeBeau ya bar shi yana bin hancinsa, ko da yake duk wanda ya san wasan ya san irin wannan caca tana buɗe rami a baya. Mai cike ramin shi ne Ryan Clark, wanda ya zo ƙungiyar a 2006, mutumin da babu ƙungiyar da ta zaɓe shi da ya gama jami'a a 2002. Aikinsa ya kalli inda Polamalu ya nufa, ya gane abin da ya bari, ya je ya tsaya a wurin ba tare da an yi magana ba.

Clark yana ɗauke da rabin sikila, irin wanda a asibiti ake rubuta wa AS. A ƙasar Hausa, inda amosanin jini ya shiga gidaje da dama har ake gwajin jini kafin aure, an saba jin cewa mai AS lafiyarsa ƙalau, kuma galibi haka ne. Amma birnin Denver yana kan tudu mai tsayin mita 1,600 daga teku, iskarsa ba ta da kauri. A Oktoban 2007, bayan wasa a can, ciwo mai tsanani ya kama Clark a gefen ciki na hagu. Jini ya daina isa saifarsa. Sai da aka cire saifar da matsarmama, ya zube fiye da kilo 10, kakar ta ƙare masa. Ya dawo a 2008, shi da Polamalu suka jagoranci tsaron da ya fi na kowa a gasar, suka ɗauki kofi a Fabrairun 2009 da cin Arizona 27 da 23.

Tun daga ciwon, duk lokacin da jadawali ya kai Pittsburgh Denver, koci Mike Tomlin ba ya sa Clark. A Nuwamban 2009 abin bai yi illa ba, wanda ya maye gurbinsa ma ya sace ƙwallo 2 suka ci wasan. Sai aka zo 8 ga Janairu 2012, zagayen sili-ɗaya-ƙwale, kuma a Denver. Pittsburgh ce ta fi kowa hana jifa a kakar. Mai jifan Denver, Tim Tebow, ko rabin jifansa ba ya isa hannun mai cafka. Clark na tsaye a bakin fili da kayan gida. Pittsburgh ta tura mutane gaba don ta toshe gudu, ta bar baya ba kowa sosai, tana ganin Tebow ba zai iya hukunta ta ba. Jifa 10 kacal ya haɗa cikin 21, amma sun ci yadi 316. Aka tashi kunnen doki aka shiga ƙarin lokaci. A taɓawar farko na ƙurya suka sake matsowa, Tebow ya yi kamar zai miƙa wa mai gudu, ya wurga wa Demaryius Thomas a tsakiyar fili, Thomas ya ture mai tsaron gefe da hannu ɗaya ya zura yadi 80. Daƙiƙa 11 aka yi, 29 da 23. Polamalu yana cikin fili a ranar, lafiyarsa lau. Tomlin bai nuna nadamar ajiye Clark ba, kuma da gaskiyarsa, don babu kofin da ya kai ran mutum.

Seattle kuwa kan irin wannan haɗi na sefti biyu ta gina ƙungiyarta. A zaɓen sababbin 'yan wasa na 2010 koci Pete Carroll ya ɗauki Earl Thomas a lamba 14, gajere mai tsayin mita 1.78 da gudun tsiya, sannan can a zagaye na 5 ya ɗauki Kam Chancellor, dogo mai mita 1.91 da nauyin fiye da kilo 100. Lissafin mai sauƙi ne. In ka ajiye sefti biyu a ƙurya, ka tsare dogon jifa amma mutum 7 kawai ka bari su tare gudu. In ka sauko da ɗaya, ka samu na 8 wanda masu hari ba su da mai tare shi, amma ka bar mutum ɗaya da fili mai faɗin yadi 53. Yawancin ƙungiyoyi dole su zaɓi ɗaya. Seattle ta samu duka biyun, domin Thomas shi kaɗai yana isa gefe zuwa gefe kafin ƙwallo ta sauka, Chancellor kuma ya zauna a tsakiya yana jiran mai tsautsayi. Kaka 4 a jere, 2012 zuwa 2015, babu ƙungiyar da aka ci maki kaɗan kamarsu. Ran 2 ga Fabrairu 2014 suka haɗu da Denver ta mai jifa Peyton Manning, wadda ta kafa tarihi da maki 606 a kakar. Tun a mintunan farko Chancellor ya ɗaga Demaryius Thomas ya yar, ba a jima ba ya sace ƙwallo. An tashi 43 da 8. A 2015 da ya ƙi fitowa kan rikicin albashi, Seattle ta faɗi wasanni 2 na farko. A Disamban 2016 da Thomas ya karye a ƙafa, mako mai bi Green Bay ta ci su 38 da 10.

A daidai lokacin wani ɗan asalin Najeriya, James Ihedigbo, wanda iyayensa suka yi ƙaura zuwa Massachusetts, yana irin aikin Chancellor a Detroit. A 2014 shi ya sace ƙwallo 4, abokinsa na ƙurya Glover Quin ya sace 7, mafi yawa a gasar, Detroit kuma ta fi kowa hana gudu.

Abin mamaki, duk da wannan tarihi, masu riƙe da asusu sun daɗe suna yi wa gurbin kallon na araha. Tun 1994 akwai iyakar kuɗin da ƙungiya za ta kashe kan albashi, kuma in an zo rabo mai jifa ne gaba, sai mai farautarsa, sai mai kare shi, sefti na can ƙasa. Zauren Gwaraza ma haka: daga Paul Krause a 1998, mai tarihin satar ƙwallo 81, ba a sake shigar da wanda ya yi duk rayuwarsa a gurbin ba sai Kenny Easley a 2017. Buffalo ce ta ci ribar rainin. A Maris 2017 sabon koci Sean McDermott ya ɗauko Micah Hyde daga Green Bay da Jordan Poyer daga Cleveland, ba wanda ake kira tauraro a cikinsu, kuɗinsu a haɗe bai kai na fitaccen mai tsaron gefe ɗaya ba. Su ba su raba aiki irin na da ba. Kowannensu yana iya na kusa yana iya na ƙurya, sai su tsaya kafaɗa ɗaya kafin a ɗaga ƙwallo, bayan an ɗaga ɗaya ya nutse ɗaya ya matso, mai jifa bai san wa zai je ina ba sai ƙwallo na hannunsa. A kakar farko Buffalo ta kawo ƙarshen shekara 17 ba ta shiga sili-ɗaya-ƙwale ba. A 2021 tsaronta ne na ɗaya, kuma sun yi kaka 7 tare.

Wannan salon ɓoye niyya, wanda aka fi danganta shi da koci Vic Fangio, shi ya mamaye gasar da Patrick Mahomes na Kansas City ya fara ƙona mutane da dogon jifa. A Nuwamban 2020 Tampa Bay ta gwada bin mai cafkan Kansas City Tyreek Hill da mutum ɗaya, ya ci yadi 269 a kanta, fiye da 200 tun a rubu'in farko, yana wucewa yana ɗaga wa ƙaramin sefti Antoine Winfield yatsu biyu. Da suka sake haɗuwa a Super Bowl bayan mako 10, kocin tsaro Todd Bowles, wanda aka sani da son kai farmaki, ya danne halinsa ya ajiye sefti biyu a ƙurya kusan duk daren. Hill ya tsaya a yadi 73, Kansas City ba ta kai ƙwallo gida ko sau ɗaya ba, aka tashi 31 da 9. Gaskiya ne masu kare Mahomes na gefe biyu duk ba su buga ba saboda rauni, kuma hakan ya taimaka matuƙa. Dab da tashi Winfield ya tsaya gaban Hill ya mayar masa da yatsunsa biyu, alƙali ya hukunta shi, bai damu ba.

Daga nan kowa ya kwaikwaya, dogon jifa ya ragu, har a Satumban 2024 mai sharhi Mel Kiper na tashar ESPN ya ce a haramta ajiye mutum biyu a ƙurya don suna kashe armashin wasa. Ba a bi shawararsa ba. Kasuwa dai ta motsa: Winfield ya samu kwantiragin dala miliyan 84 na shekara 4 a 2024, Kyle Hamilton na Baltimore ya haura miliyan 100 a 2025. Duk da haka, a shekara kuɗin Hamilton bai kai rabin miliyan 60 da Dallas ke biyan mai jifanta Dak Prescott ba.

Philadelphia ta 2024 ta ci moriyar zamanin ta fuska biyu. Da abokan karawa suka ja mutane baya, mai gudunta Saquon Barkley ya samu fili ya ci yadi 2,005. A tsaro kuma Fangio da kansa ne koci, da C.J. Gardner-Johnson mai baki da zafin kai, wanda ya sace ƙwallo 6, da Reed Blankenship mai shiru, wanda ba a zaɓe shi ba a 2022, ya sace 4. Ran 9 ga Fabrairu 2025 suka haɗu da Mahomes a New Orleans. Ba su ƙara ko mutum ɗaya kan 4 na sahun gaba don farautarsa ba, amma suka kayar da shi sau 6, saboda duk inda ya duba a baya a rufe yake. Sai da ci ya kai 34 da nema kafin Kansas City ta samu maki, aka tashi 40 da 22. Wata ɗaya bayan bikin kofi, Philadelphia ta yi lissafin albashin da ke gabanta ta tura Gardner-Johnson Houston, ta karɓo ɗan sahun gaba a madadinsa.